Ladan Ma'aikaci: Abinci Ne Ko Bulala?

'Yan'uwa, bari mu dubi abin da ya faru a Savar, kusa da Daka ta ƙasar Bangladesh, cikin shekara ta 2013. Ran 23 ga Afrilu aka ga bangon Rana Plaza, bene mai hawa takwas, ya tsage. Banki da kantunan ƙasa suka rufe. Amma masu lura da ɗinkin tufafi a sama suka umarci ma'aikata su komo, har aka yi wa waɗansu kurarin hana su albashin wata. Kashegari benen ya rushe, mutum 1,134 suka hallaka, yawancinsu mata.

Mai lura zai ce shi ma bara ne, gama manyan kantunan Turai suna jiran kayansu. Hakanan ne, amma ya san bangon ya tsage. Kubawar Shari'a 24:14-15 ta hana a kwana da ladan matalauci, domin da shi zai ci tuwon dare. To, wanda ya mai da ladan nan bulala fa?

Akwai mai kantin atamfa a cikinmu kuma, wanda yarinyar kantinsa takan ɓoye zazzaɓinta don tsoron kora.