Halittar da ba ta san da mu ba, tana da hakki a kanmu?

Mu 'yan kasuwa, da an nuna mana abu, tambayarmu ta farko ita ce: amfanin me? To yau ga abin da wannan tambaya ba ta ishe shi ba.

A tekun Fasifik, daura da gaɓar Amurka da Kanada, akwai wurin da ake kira Juan de Fuca. Zurfin ruwan ya haura mita 2,500. Masu bincike sun je da jirgi, suka haƙa rijiyoyi irin na burtsatse a ƙasan tekun, suka ratsa laka har suka cimma dutse. Cikin tsagogin dutsen akwai ruwa mai gudana, zafinsa kusan digiri 65, hannu ba ya jure shi. A ciki suka tarar da ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba rana, ba iskar da muke shaƙa. Ruwan ne ke haɗuwa da ƙarfen da ke jikin dutse, iskar haidurojin ta fito, wasunsu kuma da ita suke rayuwa. Allah mai iko! Dutsen ya kai shekara miliyan uku da rabi, mu kuwa jiya-jiya muka ji labari.

Ga inda gizo ke saƙar. Inda ruwan da ya fi wannan zafi sosai ke ɓulɓulowa ƙasan teku, yana tara tagulla da zinari. A 2017 Japan ta gwada haƙo ma'adinan kusa da Okinawa. Tagullar nan ita ce cikin wayoyi da cajar da wasunmu ke sayarwa, don haka kada mu ce ba ruwanmu.

Wani zai ce, ai kullum muna tafasa ruwa mu kashe ƙwayoyin cuta, ba wanda ya kira shi zalunci. Gaskiya ne. Amma waccan ita ta biyo mu har cikin randa. Wannan tana gidanta, ba ta taɓa kowa ba. Wani kuma zai ce a bar su, wataƙila a samu magani a jikinsu. Mun ji, sai dai wannan ma lissafin riba ne: ranar da aka tabbatar babu maganin fa, shi ke nan sun zama banza?

A ganinmu, buƙata ta gaskiya tana halatta a ɗiba. Rushe wuri kafin a san abin da ke cikinsa kuwa, wannan ɓarna ce, ko da mai wurin ba shi da bakin kai ƙara.

Hukumar da ke kula da ƙasan tekun da ba mallakar kowa ba tana Kingston, a Jamaika, kuma Najeriya mamba ce. Ta riga ta ba da izinin binciken ma'adinan, dokar haƙar ce ake ta jayayya a kai.