Abin da Wasa Ya Haramta wa Kansa

Ma'abota wasanni sun daɗe suna jayayya a kan wanne ne mafifici tsakanin ƙwallon ƙafa da zari-ruga da ƙwallon Amurka, alhali kuwa ukun 'yan ɗaki ɗaya ne masu tushe a Ingila, inda aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa a 1863, ta zari-ruga kuma a 1871. Wani hujjarsa jarumtaka, wani dabara, amma a ganina haƙiƙar kowane wasa tana cikin haddin da ya gindaya wa kansa.

Zari-ruga ya halatta hannu, ya hana jefa ƙwallo gaba. Amurkawa kuwa, bayan mutuwar 'yan wasa ta yawaita har Shugaba Roosevelt ya sa baki a 1905, suka halatta jifar a 1906. Amma ƙwallon ƙafa, in an ɗebe mai tsaron gida da jifar gefe, sai ya haramta hannu ɗungurungum, wato gaɓar da Allah Ya fi hore wa ɗan Adam, ya wajabta neman gwaninta da wadda ta fi wuyar horo. Wannan mujahada ce babba ga jiki da zuciya, kuma saboda ita na fifita shi.