Baƙon da ba ya barin takalmi

Bayan la'asar ne, muna zaune kan tabarma a ƙofar gidanmu a Daura, sai wani ɗan yayana ya matso kusa da Kawu ya miƙa masa waya. "Kawu, ga Ikkonku nan, ku duba." Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana tireda a Obalende, rabonsa da Legas kuwa ya haura shekara talatin. Ya gyara gilashi ya ƙura ido. Yaron na shafa fuskar wayar da yatsa, titi na tafiya da su kamar suna cikin mota: ga Gadar Carter, ga cunkoson Idumota, ga Babban Masallacin Legas, ga motocin danfo masu ruwan ɗorawa sun yi jerin gwano. Kawu sai "ikon Allah" yake ta yi. Wani wurin ya gane shi, wani ya ce an sauya masa kama. Can suka karya kwana suka shiga wani layi, sai ga wata mata zaune a bakin ƙofarta da ɗaurin ƙirji tana yi wa yarinya kitso. Kawu ya yi sauri ya kau da kai.

"Kai, ta san muna nan?"

Yaron ya bushe da dariya. Ya ce hoto ne, an daɗe da ɗauka, kuma an dusashe fuskarta. Kawu ya mayar masa da wayarsa ya ce, "To, fitar da mu daga layin mutane."

Ni ma na yi dariya a ranar, amma tambayar ta ƙi barina.

Abin da yaron ya buɗe shi ne Street View na taswirar Google. Mota ce ake ɗora wa kyamarori a ka, tana tafe tana ɗaukar kowace kusurwa, daga baya a ɗinke hotunan su zama titi guda da mutum zai bi da yatsa. An fara shi a Amurka a 2007. Ya iso Legas a 2017, a 2019 kuma aka ƙara da Abuja da Benin da Enugu da Ibadan. Lokaci zuwa lokaci motar kan sake zagayawa a sabunta hotunan, kuma tun 2014 ana iya komawa a ga yadda wuri yake a ɗaukar baya.

Amfaninsa a fili yake. Na ga fuskar Kawu sa'ad da ya hango gadar nan, kuma ba zan ce wannan farin cikin haramun ba ne. Akwai ɗan Daura a Jidda ko Kumasi ko Landan wanda 'ya'yansa ba su taɓa ganin ginin da ke kan rijiyar Kusugu ba, ba su san ƙofar fadar Sarki ba, ba su san hanyar da ta fita Kongolam ta shiga Nijar ba. Gani ya kori ji. Ga kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi: garuruwanmu suna cin kansu. A Legas ɗin ma, tsohon ginin Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu, wanda aka ayyana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari an rushe shi a 2016. A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. A nan gida kowace damina tana tafiya da wani soro, wanda ruwa ya bari kuma bulo da kwano su gaje shi. In da wata na'ura da za ta riƙe mana kamannin Daura na bana domin jikoki, wa zai ƙi?

Sai dai Kawu bai ce a rufe wayar ba. Ya kalli gada, ya kalli kasuwa, ya kalli masallaci, ransa bai sosu ba. Da aka zo bakin ƙofar wata ne ya janye ido. Wato ya raba titi biyu, a inda taswirar ta ɗauke shi ɗaya.

Hujjar masu wannan fasaha ita ce, abin da motar ta ɗauka bai wuce abin da duk mai wucewa zai gani ba. Na daɗe ina juya maganar, kuma ina ganin akwai rami a cikinta. Mai wucewa a layinmu yana gani, amma shi ma ana ganinsa. In ya iso majalisa zai yi sallama, in bai yi ba a bi shi da ido. In ya tsaya yana ƙare wa wata ƙofa kallo, kafin ya gama wani dattijo ya ce, "Samari, wa ake nema?" Ana iya tambayarsa ɗan gidan wane ne, ana iya kai ƙararsa wurin mai unguwa. Kallonsa na da farashi, farashin kuwa shi ne fuskarsa. Shi ya sa matar da ke shara a ƙofar gida ba ta damu da shi ba: ta san zai wuce, ta san kunya za ta sunkuyar masa da kai. Mai kallo ta waya ba ya wucewa. Yana iya tsayawa awa guda a ƙofar gidanka, ya jawo hoton kusa, ya ƙirga tagogi, ya lura da inda katanga ta zube, babu mai ce masa kanzil.

Addini ya riga mu hango wannan. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, hadisi kuma ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Ashe ƙafa ba ita ce matsalar ba tun farko. Magabatanmu da suka ƙera zaure sun fahimci haka, shi ya sa ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, idon baƙo sai ya ci karo da bango. Amma katangar gidan Bahaushe da tsayin mutum aka auna ta, kyamarar kuwa a kan mota take tsaye. Mutanen Japan sun yi wannan ƙorafin, cewa tana leƙa musu ta saman shinge, har a 2009 kamfanin ya amince ya sauke kyamarorin da santimita 40 ya sake ɗaukar hotunan. A Jamus, kafin a buɗe shi a 2010, gidaje sama da dubu 240 ne suka nemi a dusashe su. Ke nan ba ƙauyancin Kawu ba ne.

Batun dusashe fuska kuwa, wannan maganin babban birni ne, inda fuska ce kaɗai shaidar mutum. A Daura an san ka da ƙofar gidanka, da babur ɗinka, da yadda kake karya hula, da bishiyar darbejiyar da kake zama ƙarƙashinta. A shafe fuskar malam kaza, yaron da ke tallar ƙosai ma zai faɗa maka sunansa.

Duk ɗan Daura ya tashi da labarin baƙo. Bayajidda ya shigo gari da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijiya. Ya je ya kashe ta ba da sanin kowa ba. Abin da ke jan hankalina a ruwayar da aka ba mu muna yara shi ne takalmin da ya bari a bakin rijiya. Da gari ya waye mutane suka yi ta ikirarin su ne, sai da aka zo kan takalmi da kan macijiya gaskiya ta fito, sannan Daurama ta san da wa take magana. Ya yi aikinsa a ɓoye, amma ya bar abin da za a neme shi da shi. Har gobe haka baƙunta take a wurinmu: ka ga takalma a ƙofar zaure, ka san akwai mutum a ciki, har ka iya cewa wane ne. Baƙon da ke shigowa ta taswira ba shi da takalmin da zai cire.

Kada mu ɗora wa mutanen waje laifin duka. Ranar 15 ga Yulin 2025, da aka kawo gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari aka binne shi a gidansa, duniya ta kalli Daura, kuma ba ta kyamarorin gidajen talabijin kaɗai ba, har ta wayoyinmu. Mu ne muke ɗaga waya a wurin biki da jana'iza da haɗarin mota, mu ɗauki wanda bai sani ba mu watsa. Motar Google ko ba komai tana dusashe fuska, kuma mai gida na iya neman a rufe gidansa. Mu ba ma yin ko ɗaya. Hoton tauraron ɗan'adam kuma ya daɗe yana leƙa tsakar gidajenmu ta sama, inda babu zauren da zai tare shi. Mai son ya yi wa motar faɗa, ya fara duba abin da ke cikin wayarsa.

Akwai wani gefen da ya fi ba ni wuya. A ƙasashen da wannan abu ya daɗe, mutane kan koma tsofaffin hotuna su tarar da mahaifinsu da ya rasu yana tsaye a ƙofar gida, ko kakarsu tana ba shuka ruwa. Ba su ba da izinin ɗaukar ba, amma ga 'ya'yansu babu abin da ya kai hoton daraja, har suna fargabar ranar da sabuntawa za ta ture shi. Na tambayi kaina: da motar ta bi ta layinmu a ranar nan, ta ɗauki Kawu kan tabarmarsa da carbi a hannu, bayan shekara ashirin zan so a goge? Ba zan so ba. Zan buɗe in yi ta kallo. Kallon da nake kira leƙe in wani ya yi shi, in ni ne sai ya zama zumunci. Hoton ɗaya ne, masu kallon ne suka bambanta, na'urar kuma ba ta san ɗa daga ɓarawo ba.

Duk da haka ina tare da Kawu a rabon da ya yi. A ɗauki Kusugu, a ɗauki ƙofar fada da filin da dawakai ke sukuwa ranar hawan Sallar Gani, a ɗauki kasuwa da manyan tituna, a kuma riƙa sabuntawa ba tare da an zubar da na baya ba. Waɗannan wurare dama don a gan su aka yi su. Lungu kuwa, inda ƙofar gida take falon talaka, a yi masa abin da ake yi wa zaure. Masarautar da ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni daga Daura har Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua ba ta rasa hanyar sanar da mutane cewa ranar kaza za a wuce da kyamara ba. Mai son shiga ciki ya shiga, mai son fitowa da babbar riga ya fito, wanda bai yarda ba a tsallake ƙofarsa.

Bayan kwana biyu Kawu da kansa ya aika a kira yaron. Ya ce a mayar da shi Obalende, akwai wani kanti da yake son ya ga ko yana nan. Suka yi ta bin titi har suka iso wurin, sai suka tarar an yi bene. Kawu ya daɗe yana kallo. A gefen benen akwai wani tsoho zaune kan benci, fuskarsa a dusashe, da hula irin tamu. Na ji Kawu ya yi masa sallama ƙasa-ƙasa, ya ɗan saurara, sannan ya ce wa yaron su wuce.