Fasali a kan Zinariya da Ƙurar da Take Bari

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, ƙarfe ba ya fitowa daga ƙasa shi kaɗai. Tama tana zuwa da kashinta, kuza da yashinta, zinariya kuwa takan ɓuya cikin dutse tare da waɗansu ma'adanai. Mai haƙa yakan tsame kaɗan mai daraja, ya watsar da mai yawa. To, abin da aka watsar ɗin nan, a wuyan wa yake?

Dubi abin da ya auku a ƙasar Zamfara a shekarar 1431, wato 2010. Da zinariya ta yi tsada, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Bagega da Dareta da Yargalma, suka duƙufa ga haƙarta. Suna kawo dutsen cikin gidaje, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin hatsi, alhali kuwa dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Agwagi suka fara mutuwa, ba a lura ba. Sa'an nan yara suka shiga amai da jijjiga da suma, har fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

In ka ce: ai ba su sani ba, kuma talauci ne ya tura su, sai mu ce: gaskiya ne, ba mu zargin uban da ya binne ɗansa. Amma uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da sani ya zo.

In kuma ka ce: ni ɗan kasuwa ne, ban haƙa ba, ban daka ba, na auna na biya, sai mu ce: ma'auninka ya auna zinariyar, bai auna ƙurar ba. Sauƙin farashin da ka samu, wani ne ya cika shi da lafiyar 'ya'yansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ba cewa muke a bar arzikin ƙasa a binne ba, domin da shi ake ƙera garma da allura. Abin da muke cewa, a yi niƙa nesa da gari, a jiƙa dutse kada ya yi ƙura, a raba injinsa da na hatsi, ma'aikaci ya wanke jiki ya sauya tufa kafin ya shiga gida. Kai kuma mai saye, ka tambayi inda aka niƙa kamar yadda kake tambayar nauyi, ka yarda ribarka ta ragu domin kuɗin wannan kiyayewa. Wanda ya ɗauki zinariya, ƙurarta ma tasa ce.

Tamat.