Taklidi da Ijtihadi a Sana'ar Ɗaukar Hoto

Malaman usulu sun daɗe suna bahasi a kan iyakar da taklidi yake tsayawa, ijtihadi ya soma, kuma wannan mas'ala tana fuskantar duk almajirin da ya rataya kyamara ya shiga duniya da sha'awar tafarkin wani gwani.

Mu dubi Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da aka haifa a 1908, wanda ya kewaya Indiya da Sin da ƙaramar kyamararsa ta Leica, yana tsayawa cikin haƙuri har lahazar da haske da motsi da ma'ana za su haɗu, sa'an nan ya ɗauka, ba ya kuwa yarda a datse gefen hotonsa daga baya. Shi ne ya gabatar da Raghu Rai, mutumin Indiya, ga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1977. Amma Rai, duk da girmamawar da yake yi masa, ya dubi ƙasarsa da idon ɗan gida, wanda ya san abin da baƙo ba ya gani, kome basirarsa.

A nan hikimar take, domin kama da wane ba ta wane. Abin da ya wajaba almajiri ya gada daga shaihinsa shi ne adabin kallo, wato haƙuri da tawali'u da kiyaye mutuncin wanda ake ɗauka. Amma ido amana ce da Allah Ya ba kowane bawa tasa, kuma a kan tasa za a tambaye shi ranar hisabi.