Tatsuniya da Shaidar Zur

A shekarar 1996 wani marubuci ɗan Ingila, Gary Russell, ya wallafa The Scales of Injustice, ƙagaggen labari da aka gina a kan shirin talabijin na Doctor Who. A cikinsa, waɗansu halittu masu kama da ƙadangaru, waɗanda suka riga ɗan Adam zama a duniya, sun farka daga dogon barci, wani sashen gwamnati kuma yana ƙulla makirci a ɓoye. Russell bai ce hakan ya faru ba. Amma a 1999 David Icke ya buga The Biggest Secret, ya nace cewa irin waɗannan halittu ne suke mulkin duniya, har da gidan sarautar Ingila.

Me ya raba su? Mai tatsuniya yakan rufe da ƙurunƙus, kowa ya san wasa ne. Wanda ya ɗora wa rayayyen mutum tatsuniya kuwa ya yi shaidar zur, abin da Fitowa 20:16 ta hana. Hakika masu mulki sukan ɓoye abubuwa, amma zato ba shaida ba ne.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Agusta 2014 saƙon waya ya bazu cewa ruwan gishiri yana kare mutum daga Ebola, waɗansu suka kwanta asibiti a nan Jos.

Iyaye na Tudun Wada, ku bar yara su karanta tatsuniya. Sai dai ku koya musu, kafin su yaɗa kowane labari, su tambaya: wa ya gani da idonsa?