Idan Bindiga Ta Daina Kuskure

Tun da sojojin Tarayyar Sobiyat suka karɓi AK-47 a 1949, maƙera ba su huta ba. A 1974 suka rage kaurin harsashi zuwa milimita 5.45 domin soja ya ɗauki mai yawa. A 2022 Amurka ta zaɓi milimita 6.8 domin huda sulke. Bindigar gobe kuwa, muna zato, na'ura ce za ta riƙa saita ta.

To, alhakin rai yana wuyan wa? Kalashnikov kansa ya yi wa shugaban Cocin Rasha wannan tambaya kafin rasuwarsa a 2013. A ganinmu, ingancin makami ƙara wa maharbi alhaki yake yi, domin ya raba shi da uzurin kuskure.